Shirin USL na kyauta a YouTube da gajeren zamanin Whitecaps FC 2

Hukumar gasar ƙwallon ƙafa ta USL (United Soccer League), wadda a wancan lokaci ƙungiyoyin Amurka da Kanada ke bugawa a matakin ƙasa da MLS, babbar gasar ƙasashen biyu, ta yi wa masoya ƙwallo babban alheri a shekarun da take watsa wasanninta kai tsaye a YouTube ba tare da karɓar ko sisi ba, kuma a ganina ƙungiyar da ta fi nuna darajar wannan shiri ita ce Whitecaps FC 2, ƙaramar ƙungiyar Vancouver Whitecaps, wadda kaka uku kacal ta buga a gasar, daga 2015 zuwa 2017.

Ƙungiyar 'yan ko-ta-kwana ba ta cika jan hankalin gidajen talabijin ba, balle wadda ke wasa a filin jami'a kamar Thunderbird Stadium. Da ba domin wannan shiri ba, da mutane ƙalilan ne za su ga Alphonso Davies, yaron da iyayensa 'yan Laberiya suka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam a Ghana, lokacin da ya fara taka wa ƙungiyar leda a 2016 yana ɗan shekara 15. A watan Mayun shekarar ya jefa wa LA Galaxy II ƙwallo, ya zama mafi ƙanƙantar shekaru da ya taɓa cin ƙwallo a gasar har zuwa lokacin, kuma a kakar ce koci Alan Koch ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na yankin Yamma, inda Swope Park Rangers ta fitar da ita. Wanda ya kalli yaron a wancan zamani bai yi mamaki ba da Bayern Munich ta saye shi a 2018.

Matsalar mai kallo daga Nijeriya a wancan zamani ita ce lokaci, domin Vancouver tana bayanmu da awa takwas a watannin gasar, don haka wasan ƙarfe bakwai na yamma sai ƙarfe uku na dare yake zo mana.

A ƙarshen 2017 Whitecaps ta rufe ƙungiyar, ta ƙulla yarjejeniyar tura 'yan wasanta ga Fresno FC ta Kalifoniya, matakin da nake ganin an yi gaggawa a kansa, tun da a 2022 ta sake farfaɗo da ita a MLS Next Pro, gasar ƙananan ƙungiyoyin MLS.