Amurka da Ingila: ina ne talabijin ya fi tauye mai son ƙwallon ƙafa?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure da ke karatu a Amurka ya kawo kuka. Ya ce ya kunna tashar wasanni ta ESPN ranar Lahadi da daddare, ranar da aka fafata manyan wasanni a Firimiya da La Liga, ya zauna har shirin labarai na SportsCenter ya ƙare, amma abin da ƙwallon ƙafa ta samu bai wuce ƙiftawar ido ba. Tambayarsa biyu ce: tsana suke wa tamaula ne? Kuma da Ingila ya tafi, da ya huta?

Malam, kukanka a kan hanya yake, sai dai ka haɗa abu biyu a wuri guda. Haska wasa daban, zancen wasa daban. Idan muka raba su, za ka ga kowace ƙasa da inda take cin mutum.

Mu fara da haska wasa kai tsaye, domin a nan amsar za ta ba ka mamaki. Tun kakar 2013 NBC ke riƙe da haƙƙin nuna Firimiya a Amurka, kuma duk wasanni 380 na kakar ana haska su, wasu a tasha, wasu a manhajar Peacock. A 2021 ta sabunta yarjejeniyar na shekara shida a kan kimanin dala biliyan 2.7. Gasar Zakarun Turai tana hannun CBS da Paramount+, La Liga tana hannun ita ESPN ɗin da kake kuka da ita, Kofin Duniya kuma Fox ce ke nunawa da Turanci, Telemundo da Sifaniyanci. A Ingila fa? Akwai tsohuwar ƙa'ida tun shekarun 1960 da ta hana haska wasa kai tsaye ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, don kada mutane su zauna gida su bar filayen ƙananan ƙungiyoyi fayau. Wato idan Liverpool tana wasa da ƙarfe uku na Asabar, mutumin Liverpool da bai samu tikiti ba ba zai gani a akwatinsa ta halal ba, alhali kai a Amurka kana gani, mai gidan kallo a Fagge ma yana haskawa. Sauran wasannin kuma sai ya biya Sky, ya kuma biya TNT Sports.

Abin da ke ci wa na Amurka tuwo a ƙwarya shi ne an warwatsa wasannin, kowace gasa da manhajarta da kuɗinta na wata. Ga kuma lokaci. Wasan ƙarfe 12:30 na rana a Ingila ƙarfe 7:30 na safe ne a New York, a Los Angeles kuwa ƙarfe 4:30 na asuba. Wannan dai ba laifin gidan talabijin ba ne.

A ɓangaren zancen wasa kuwa, Ingila ta yi wa Amurka fintinkau. BBC tana gabatar da Match of the Day tun 1964, kyauta, daren Asabar. Sky Sports News tana iya kwana ta wuni a kan cinikin ɗan wasa guda. Daren Litinin a Sky, tsohon ɗan wasan Liverpool Jamie Carragher zai tsaya gaban allo yana tsayar da hoto yana nuna inda mai tsaron baya ya yi sakaci. A Amurka, ka kunna shirin muhawara na ESPN, First Take na Stephen A. Smith, da safe, zancen ƙungiyar zari-ruga ta Dallas Cowboys ne, zancen ɗan ƙwallon kwando LeBron James ne, a koma Cowboys. Ko a watannin da ba a buga wasan NFL, wato zari-rugar Amurkawa, zancenta ba ya mutuwa. Zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi a Afrilu kwana uku ake haskawa kamar bikin naɗin sarauta.

Dalilin farko kuɗi ne, kuma alƙaluman ba a ɓoye suke ba. A 2021 NFL ta ƙulla yarjejeniyar shekara 11 da CBS da NBC da Fox da ESPN da Amazon a kan kimanin dala biliyan 110. Kason ESPN kaɗai ya kai wajen biliyan 2.7 a shekara, wato abin da NBC ke biya wa Firimiya na shekara shida. A 2024 gasar ƙwallon kwando ta NBA ta samu tata, kimanin biliyan 76. A 2025 ma aka sanar cewa NFL za ta mallaki kashi 10 cikin ɗari na ESPN ɗin kanta. To ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a shinkafa ba zai tsaya a bakin rumfa yana yi wa maƙwabci tallan gero ba. SportsCenter labarai ne, amma kuma tallan hajar gidan ne. Firimiya ta NBC ce, Zakarun Turai na CBS ne; duk minti ɗaya da ESPN ta ba su, abokan hamayyarta take tura wa masu kallo.

Na biyu shi ne tsarin wasan kansa, kuma ni a ganina wannan ne asalin ciwon. Jaridar Wall Street Journal ta taɓa lissafawa a 2010 cewa a wasan NFL da ake shafe sama da awa uku ana haskawa, ainihin lokacin da ƙwallo ke motsi bai wuce minti 11 ba. Sauran tsayawa ne, maimaici ne, talla ne. Wasan an gina shi da ƙofofin da mai talla zai shiga. A wasan ƙarshe na NFL, wato Super Bowl, na 2025, wanda mutum sama da miliyan 127 suka kalla, tallan daƙiƙa 30 ya kai dala miliyan 8. Ƙwallon ƙafa kuwa minti 45 take yi ba ta numfashi, sai hutun rabin lokaci. A Kofin Duniya na 1990 tashar TNT ta Amurka yanke wasa take yi ana tsaka da bugawa ta saka talla. Sai a 1994, da Amurka ta karɓi baƙuncin gasar, ABC da ESPN suka koma saka tambarin kamfani kusa da agogon wasa suka bar ƙwallo tana gudana. BBC ba ta da wannan matsala tunda ba ta talla, Sky kuwa kuɗin da masu kallo ke biya duk wata ne jarinta, kuma ƙwallon ƙafa ce ta gina ta tun yarjejeniyar 1992 ta fam miliyan 304.

Ranar da wannan fifiko ya fito fili tsirara ita ce 18 ga Disamban 2022. Ajantina da Faransa sun tashi 3-3, aka je fenareti, Messi ya ci kofin da ya daɗe yana nema. Kafin ya ɗaga shi, Fox ta juya zuwa wasannin NFL na ranar Lahadi, ta tura bikin ba da kofi zuwa ƙaramar tasharta FS1. Yarjejeniya ce ta ɗaure ta, na yarda. Amma yarjejeniyar ce ai ke nuna wanda ke gaba a gidan.

Masu kare tashoshin suna cewa ba a kallon tamaula a Amurka. Rabin gaskiya ne. Babu gasar da ta kama ƙafar NFL, wannan ba gardama. Sai dai wancan wasan ƙarshe na 2022 mutum sama da miliyan 16 suka kalla a Fox, wasu kimanin miliyan 9 a Telemundo. Wasan ƙarshe na mata na 2015 tsakanin Amurka da Japan ya haura miliyan 25 a Fox. Gasar Meziko, Liga MX, ta daɗe tana cikin gasannin ƙwallon ƙafa da aka fi kallo a ƙasar, amma da yake da Sifaniyanci ake kallonta a Univision da Telemundo, masu shirya labaran Turanci suna yi kamar ba ta nan. Nan ne nake ganin akwai raini na gaske, ba lissafin kuɗi kawai ba. Akwai tsofaffin masu sharhi da suka taso suna ganin wasan na baƙi ne da yaran firamare, suna ba'a da canjaras da ƙarancin ƙwallaye. Ita kanta MLS, gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka da ta fara a 1996, tsoron wannan ba'a ya sa ta soke canjaras ta kawo wani bugun raba-gardama, agogo kuma yana ƙirga baya, har zuwa 1999.

MLS ɗin ce ta fi shan wahala. ESPN ta nuna ta daga 1996 zuwa 2022, sannan gasar ta koma Apple a yarjejeniyar da aka sanar ta dala biliyan 2.5. Kuɗi sun shigo, Messi ya zo Inter Miami a 2023, amma gasar ta fita daga hajar ESPN, sai ambatonta ya ƙara ja baya. Mu ma kada mu cika baki: gidajen kallonmu cike suke ranar wasan Arsenal, wasan Kano Pillars ko Katsina United kuwa sau da yawa sai a rediyo ko a fili.

Ingila ma tana da nata son kai, ta wancan gefen ne kawai. Masoya kurket da zari-ruga da guje-guje suna irin kukanka, cewa ƙwallon ƙafa ta cinye komai. A cikin ƙwallon ma, magoya bayan ƙananan ƙungiyoyi suna ƙorafin cewa rikicin Manchester United ya fi nasararsu samun lokaci.

Don haka Malam, da Ingila ka je, da zance ya ishe ka, amma da wasu wasannin Asabar sun wuce ka. Inda kake, wasa ba zai wuce ka ba muddin aljihu ya ɗauka. Labarai ne sai ka sauya musu wuri: shirin ESPN FC yana manhajarsu kullum, CBS ta buɗe Golazo Network a 2023, tashar ƙwallon ƙafa zalla ta kyauta a intanet, shirin NBC na safiyar Asabar da Lahadi da Rebecca Lowe ke jagoranta kuma sharhinsa ba ya jin kunyar na Sky. Idan kana ɗan jin Sifaniyanci, ka gwada Telemundo ranar babban wasa.