Sukurun injin matsar gyaɗa: na walda ko na kwamfuta?

Masu injin matsar man gyaɗa a ƙauyukan Ringim, in sukurun (ƙarfen nan mai zare da ke juyawa a cikin injin) ya cinye hanya biyu ce ta samun sabo. Shi fa tazarar zarensa raguwa take, jikinsa na ƙara kauri har bakin fita, da haka yake matse gyaɗar mai ya fito. Mai sassaƙar ƙarfe da injin hannu a Kano tazara ɗaya yake yankawa, sai yai gunduwa-gunduwa kowace da tata tazarar ya haɗa da walda, ga araha ga sauri amma a mahaɗar nan tunkuza ke maƙalewa. Injin sassaƙar ƙarfe mai kwamfuta kuwa sumul yake fitar da shi daga ƙarfe ɗaya, sai dai tsada, kuma sai an auna tsohon. In kullum kake matsa wallahi gara na kwamfutar.