Sharhi kan wasan Observer: gidan hayar ya fi binciken kisan armashi

Duk wanda zai sayi wasan bidiyo na Observer don yana son ya zama ɗan sandan bincike, ya tara hujjoji, ya haɗa su da ƙwaƙwalwarsa har ya nuna mai laifi da yatsa, to ya dakata tukuna. Wasan bai ba da wannan ba sai ɗan kaɗan. Abin da ya sa nake ganin ya cancanci kuɗinsa wani abu ne daban: gini guda na talakawa, cike da mutanen da ke yi maka magana ta bayan ƙofa.

Kamfanin Bloober Team da ke birnin Krakow na ƙasar Polan ne ya yi wasan, ya fito a watan Agusta na 2017 a kwamfuta da PlayStation 4 da Xbox One. A ƙarshen 2020 suka sake fitar da shi da sunan Observer: System Redux, suka gyara hotuna, suka ƙara ƙananan bincike uku na gefe. Wannan na biyun na buga a kwamfuta, kuma a kansa nake magana.

Labarin yana faruwa ne a Krakow ɗin dai, amma a shekarar 2084. Mutane sun saba dasa na'urori a jikinsu, wannan hannun ƙarfe, wancan idon roba, wani kuma a cikin ƙwaƙwalwa. Sai wata annoba mai suna Nanophage ta ɓarke tana kama masu irin wannan dashe, ta kashe dubbai. Bayanta aka gwabza babban yaƙi tsakanin Gabas da Yamma wanda ya durƙusar da ɓangarorin biyu. A cikin wannan kango wani kamfani mai suna Chiron ya karɓe mulkin Polan, ya kasa 'yan ƙasa aji-aji. 'Yan ajin C su ne na ƙasa, an tara su a tsofaffin benaye an manta da su. Kai kuma kana wasan ne a matsayin Daniel Lazarski, dattijon ɗan sanda daga cikin wani rukuni da ake kira Observer, waɗanda aka ba su na'urar shiga ƙwaƙwalwar mutum su binciki abin da ya gani da abin da yake tsoro.

Wasan ya buɗe Lazarski yana zaune a motar aiki ana ruwan sama, sai kira ya shigo daga ɗansa Adam, wanda suka daɗe ba sa ga maciji. Ya bi sawun kiran har wani gidan haya a unguwar 'yan ajin C. A ɗakin Adam, mai lamba 007, ya tarar da gawa ba kai. Kafin ya gama tantance ko ɗansa ne ko wani, ginin ya kulle kansa, ba shiga ba fita. Kusan duk abin da zai biyo baya a cikin wannan gini yake faruwa, da farfajiyarsa, da shagon mai zanen jiki da ke tsakar gidan, da ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa.

A nan wasan ya kama ni. Tunda an kulle kowa a ɗakinsa, ba ka ganin mazauna ginin ido da ido. Kowace ƙofa tana da ɗan ƙaramin allo da lasifika. Ka ƙwanƙwasa, allon ya kawo wuta, ka ga ido ɗaya ko leɓe yana motsi cikin hoto mai rawa, sai murya ta fito. Wani ya zage ka don ya ji ɗan sanda ne. Wani ya roƙe ka ka gaya masa gaskiya, shin annobar ce ta dawo shi ya sa aka rufe su? Wata ta yi ƙasa da murya, kana jin namiji yana mata tsawa daga ciki, kuma ba abin da za ka iya yi mata. Akwai magidancin da ke alfahari cewa shi da iyalinsa ba su yarda an dasa musu ko da ƙusa ɗaya ba, domin aƙidarsu ta hana. Akwai waɗanda suka nutse a duniyar kwamfuta har ba su san halin da ake ciki a waje ba. Mafi yawan waɗannan hirarraki ba su ƙara maka komai a binciken kisan, wasan ma bai tilasta maka yinsu ba. Amma ni sai na ga ina bin bene hawa-hawa, ƙofa-ƙofa, don kada in bar ko ɗaya. Wanda ya taɓa zama a gidan haya mai ɗakuna da yawa, inda kake jin tarin maƙwabcinka da faɗan mata da miji ta bango, zai gane irin zaman nan take, ko da yake nan Turai ce kuma shekaru sittin ne nan gaba.

Shi kansa ginin an yi masa aiki. Tsohon bene ne na bulo, fenti ya ɓaɓɓare, ruwa na ɗiga, wayoyi sun yi rassa a bango, an lulluɓe tsagar bangon da hotunan haske na tallan Chiron waɗanda su ma suna ɗaukewa suna dawowa. Banɗakin tarayya ne a kowane hawa. Tantabaru suna tashi in ka fita farfajiya. Ana gane cewa waɗanda suka zana wurin sun san irin waɗannan gidaje a garinsu, shi ya sa bai yi kama da birnin gaba da aka saba gani ba, mai dogayen gine-ginen gilashi. Mai kula da gidan, Janus, tsohon soja ne da yaƙi ya cinye rabin jikinsa aka cike da ƙarfe mai araha, magana ma da ƙyar take fita, tunaninsa yana yankewa a tsakiyar jimla. Da farko za ka ji tsoronsa, daga baya tausayinsa ya fi yawa. A ganina shi ne mutumin da aka fi iya rubutawa a wasan gaba ɗaya.

Wani abu da na gamu da shi a ƙarƙashin ginin har yanzu yana raina. A wani ɗakin ajiya akwai alade da aka ƙulle da na'urori ana noman sassan jiki a cikinsa don sayarwa, an toshe masa kai da na'urar da ke nuna masa wata duniya don kada ya ji azabar da yake ciki. Na'urar ta lalace. Wasan ya bar maka zaɓi, ko ka gyara ta ya koma mafarkinsa a ci gaba da cin amfaninsa, ko ka kashe komai ya huta. Babu lada, babu hukunci, ba wanda zai ce maka ka yi daidai. Na daɗe tsaye a gaban na'urar nan kafin in taɓa komai. Irin waɗannan ƙananan labarai su ne suka fi nuna yadda rayuwa ta ƙasƙanta a ƙarƙashin Chiron, fiye da duk dogon bayanin da ake karantawa a kwamfutocin ɗakuna.

To sai aikin binciken kansa, inda na fara samun matsala. Lazarski yana da gani iri biyu na binciken hujja bayan na ido. Ɗaya yana haska kayan lantarki, ɗayan yana haska jini da gashi da raunuka da sauran abin da ya shafi jiki. Ka shiga ɗaki, ka kunna na farko, ka duba duk abin da ya yi haske, ka kunna na biyu, ka maimaita. Da ka gama sai Lazarski ya faɗi abin da hujjojin ke nufi da bakinsa, a rubuta maka inda za ka nufa. A ɗakin farko abin yana da daɗi, kana juya kai kana karanta irin yankan da aka yi wa gawar da lokacin da ta mutu. Amma da tafiya ta yi tafiya sai ka fahimci ba a taɓa tambayarka me kai ka gano ba. Ba za ka zargi wanda bai ji ba bai gani ba, ba za ka rasa wata hujja da za ta sauya ƙarshen labari ba. Iyakar wahalar da kan samu ita ce neman lambar buɗe ƙofa, wadda galibi tana rubuce a kusa. Wannan ya yi mini ciwo, domin duk kayan da ake bukata suna nan: gini a kulle, mai kisa yana ciki, shaidu a bayan kowace ƙofa. Da an bar mai wasa ya gwada maganar wannan da ta wancan ya kama mai ƙarya da kansa, da wasan ya kai wani matsayi daban.

Shiga ƙwaƙwalwa kuwa shi ne abin da aka fi tallata wasan da shi. Na'urar sunanta Dream Eater. Lazarski yana zaro waya daga hannunsa ya soka a na'urar da ke kan mutum, sai duniya ta narke. Na farko da za ka shiga shi ne Amir Nowak, wani tsohon fursuna da ka tarar yana gargarar mutuwa a ɗaki 104. A cikin kansa ɗakinsa yana rikiɗewa ya zama kurkuku, ƙofa ta kai ka ɗakin da ka baro, mutane su zama inuwa mai kakkarwa, bango ya wargaje ya sake haɗuwa. Ba a yi maka bayani da baki, amma kana fita ka san mutumin: zaman gidan yari, shaye-shaye, rashin aiki, da kunyar da yake ji a gaban matarsa. Ita matar, Helena, ma'aikaciyar Chiron ce, kuma a kanta za ka ga ofis mai layin tebura marasa iyaka da tsoron da ke bin ma'aikacin da ya san ana sa masa ido. Tunda ta riga ta mutu lokacin da Lazarski ya same ta, doka ta hana shiga kanta, amma ya karya dokar. Daga nan tunaninsa ya fara cakuɗuwa da na matattu, rashin lafiyar matarsa da rabuwarsa da Adam suna kutsowa cikin mafarkin wasu. Wannan dabara ce mai kyau, don ta nan ne kawai ake sanin ciwon da ke cin Lazarski, mutumin da ba ya son faɗin abin da ke ransa.

Sai dai sassan sun yi tsawo. Abin da ya ba ka mamaki a minti biyar na farko, in aka ci gaba da maimaita shi sai ido ya gaji. Hoto yana tsinkewa, haske yana walƙiya, ƙara tana tashi ba zato, kai kuma kana tafiya gaba kawai kana jiran a sake ka. Akwai lokutan da na ƙosa in koma benen in ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofofi.

Mafi rauni duka shi ne wuraren ɓuya. A wasu mafarkan ana sako wani dodo na nama da ƙarfe yana yawo, kai kuma ba ka da makami, sai dai ka raɓe bayan tebur har ya wuce. In ya gan ka, a mayar da kai baya ka sake. A System Redux an sassauta waɗannan wurare, duk da haka ba su dace da sauran wasan ba. Tsoron da Observer ya iya shi ne na shiru, na tsayawa a dogon lungu kana jin wani abu yana motsi a hawan sama. Da zarar dodon ya kama ka ka sake farawa, tsoro ya tafi, saura haushi.

Muryar Lazarski ta Rutger Hauer ce, ɗan wasan Holan da aka fi sani da fitowarsa a fim ɗin Blade Runner na 1982, kuma fuskarsa aka ba jarumin. Ya rasu a watan Yuli na 2019, kafin fitowar System Redux. Yana magana a hankali, murya a dushe, kamar kowace kalma nauyi take masa. Na san wasu ba su so hakan ba, kuma gaskiya akwai wuraren da ya kamata a ji firgici ko fushi amma muryar ta fito a kwance. Ni dai ta yi mini, musamman a bakin ƙofofi, inda yake sauraron koke-koken mutane da gajiyar wanda ya shekara arba'in yana jin irinsu. Kiɗan Arkadiusz Reikowski da ƙarar ginin, ɗigar ruwa da kukan wayoyin lantarki, suna bukatar hedifon. Ta lasifikar kwamfuta rabin abin zai wuce ka.

Ba zan tona ƙarshen labarin ba. Abin da zan ce shi ne kashi na ƙarshe ya bar ginin da mutanensa ya koma dogon jawabi, kuma zaɓin da aka ba ka tsakanin ƙarshe biyu yana zuwa ne a dab da rufewa, ba tare da abin da ka aikata a baya ya yi tasiri a kansa ba. Tambayar da aka ɗora a kan uba da ɗa tana da nauyi, amma an yi saurin yanke ta.

Wasan ba shi da tsawo, wanda ya bi babban labari kawai zai gama cikin awa shida zuwa takwas, mai bin ƙofofi zai ɗan haura haka. Da Turanci ake magana, kuma tunda mafi daɗinsa hira ce, a kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, don wasu muryoyin ta cikin lasifikar ƙofa ba sa fita sosai. Akwai jini da gawarwaki da zagi da shaye-shaye, ba na yara ba ne ko kusa. Mai farfaɗiya ko wanda walƙiyar haske ke sa wa ciwon kai ya nisance shi, wannan ba wasa nake ba. Wanda zai saya ya nemi System Redux maimakon na 2017, ya kuma duba ƙarfin kwamfutarsa tukuna, domin sabon ya fi tsohon cin ƙarfin na'ura.