Mapul ɗin Japan a inuwar darbejiya: abin da na gani cikin shekara guda a Kano

A watan Yulin bara, lokacin da damina ta kankama, na sayi ɗan dashen itacen mapul na Japan, nau'in da ake kira Butterfly, a wani wurin sayar da furanni da ke Nassarawa, a kan kuɗin da bai yi nisa da na buhun shinkafa ba. Ganyensa ne ya ja hankalina: ƙarami, mai yatsu biyar kamar tafin hannun jariri, tsakiyarsa kore, gefensa fari kamar an shafa masa nono, sabon toho kuwa har da ɗan jaja-jaja.

Ta fuskar hidima ba ni da ƙorafi. Yaron wurin ya kawo shi har gida a Adaidaita Sahu, ya haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki a babbar tukunya mai huji, ya kuma nuna mini gaɓar da aka yi wa itacen aure, wato inda aka haɗa reshensa da gindin wani dashen, yana cewa, "Baba, duk reshen da ya fito ƙasa da nan a yanke shi." Shawarar da aka ba ni ta ajiye shi a ƙarƙashin darbejiya ita ma daidai ce, domin farin gefen ganyen ba shi da sinadarin kore, shi ya sa rana take saurin ƙona shi.

Abin da ba a gaya mini ba, kuma shi ne mafi muhimmanci, shi ne cewa inuwa kaɗai ba ta wadatar. Asalin wannan itace dazukan Japan da Koriya ne, inda yake zubar da ganye ya yi barcin watanni cikin tsananin sanyi, sanyin hunturunmu kuwa bai kai ya kwantar da shi ba, sai dai busasshiyar iskar ta naɗe bakin ganyen. Da bazara ta shigo, zafin Afrilu ya kai digiri 40, sai na riƙa tsintar ganyen a ƙasa kowace safiya, sun bushe ƙayau, duk da ban-ruwan safe da yamma da ciyawar da na lulluɓe bakin tukunyar da ita. Raina ya sosu ƙwarai, domin kullum bayan Asuba wurinsa nake fara zuwa. Ruwan Yuni ya farfaɗo da rassa biyu kacal.

Mai sayar da dashe yana da haƙƙin faɗin wannan kafin ya karɓi kuɗi. Wanda yake son ganye mai roɗi-roɗi a inuwa, shukar adon da ake kira kuroton za ta fi yi masa daɗewa a garin nan. Wanda kuma siffar ganyen mapul yake so, akwai wata jar shuka dangin rama da yakuwa, 'yar asalin Afirka, mai ganye kusan iri ɗaya, sai dai ita tana son hasken hantsi. Ita na dasa a gefen tukunyar, ga shi har ta kai ƙuguna.