Kwaɗon Master Lock 410 da maƙalarsa 420: abin da suke tsarewa a wajen gyaran inji

Galibin yatsu da hannayen da inji ke cinyewa a masana'anta ba a lokacin aiki na yau da kullum suke tafiya ba. Lokacin gyara ne: an cire murfi, makaniki ya zura hannu zai fitar da robar da ta toshe injin niƙa ko zai gyara bel, wani can gefe ya danna makunni. Domin wannan aka ƙera kwaɗon Master Lock 410, wanda ake ɗaurawa a babban makunnin injin bayan an kashe shi, mabuɗin kuma ya zauna a aljihun mai gyaran.

Jikinsa na roba ne mai tauri, faɗinsa milimita 38, ƙarfen bakinsa kauri milimita 6. Ba shi da nauyi, mai da ƙura ba sa cinsa. Mafi kyawun abin da ke gare shi shi ne mabuɗi ba ya zaruwa sai an rufe kwaɗon, saboda haka ba za a rataye shi a buɗe a tafi ba. Maƙala 420, wato ƙarfe mai ramuka da ake maƙalawa a makunnin, tana ɗaukar kwaɗo shida, kowane ma'aikaci da nasa, kuma makunnin ba zai motsa ba sai na ƙarshe ya cire. A guji sayen irin wanda mabuɗi ɗaya ke buɗe duka. A nemi mai mabuɗi daban-daban. Bakin 410 ƙarfe ne, don haka mai aiki cikin akwatin lantarki gara ya ɗauki 406, wanda bakinsa roba ne.

Inda ake faɗuwa shi ne zaton kwaɗo ya gama komai. A masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai da ke Kano, wuta hanya biyu take zuwa, ta NEPA da ta janareto. Wanda ya kulle layin NEPA kaɗai, da an tada janareto injin zai farka da hannunsa a ciki. Wurin kullewa shi ne makunnin injin kansa, bayan inda ake sauya layi. Sannan akwai ƙarfin da ke kwance bayan an ɗauke wuta: iskar kwamfireso a cikin bututu, man haidirolik da ke riƙe da kan injin matsa, kafasita, wato abin da ke tara wuta a cikin inbata, da ke buƙatar mintuna kafin ta huce. A sauke iskar har ma'auni ya nuna sifili, a tokare kan injin da gungumen ƙarfe, sannan a danna madannin tashi a tabbatar ba ya motsi kafin hannu ya shiga. Madannin nan ja na tsayar da gaggawa ba wurin kullewa ba ne, domin kowa na iya murɗa shi ya saki.

Matsala ta gaske ita ce tsofaffin akwatunan wuta da yawa ba su da ramin da kwaɗo zai shiga. Sai an sayi abin da ke kama bireka a rataya masa kwaɗo daban, ko a sauya makunnin. Takardar gargaɗin da ke zuwa da kwaɗon kuma da Turanci take, sai a rubuta sunan mai gyara da Hausa a kai.

Idan ƙaddara ta faɗa, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora biya a kan hukumar NSITF, mai kula da inshorar ma'aikata a Najeriya, daga kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi da mai kamfani ke zubawa, ba tare da an cire daga albashin ma'aikaci ba. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai kamfani cikin kwana 14, shi kuma ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7, a shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Diyyar nakasa ta dindindin gaba ɗaya tana kai kashi 90 cikin ɗari na albashi duk wata, kuma hukumar na iya ba da hannun roba. Kuɗin da manaja zai danƙa a asibiti a matsayin jaje ba shi ne diyya ba, kada a sa hannu a wata takarda saboda shi.

Yatsan da ya guntule a naɗe shi da bandeji mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a garzaya da shi tare da mai raunin zuwa asibiti irin na ƙashi da ke Dala.