Ɗigo Kore a Jikin Leda: Yadda Ake Rayuwa Ba Nama a Ahmedabad

Yaya, barka da gida. Ina gaida Inna da maigidanki da yara baki ɗaya.

Saƙonki ya iso, wanda kike cewa likita ya ce ki rage jan nama, kuma kin ji wai ni na bar cin nama tun da na zo Indiya, don haka in faɗa miki abin da ake ci da abin da ake bari. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Na kuma sa ta a fili saboda 'yan uwa masu shirin tahowa karatu ko jinya.

A wurinmu, miyar da ba nama alamar babu ce. In aka kai wa baƙo tuwo ba ko tsoka ɗaya, sai uwargida ta bi shi da ban haƙuri. A jihar Gujarat inda nake, abin juye yake. Attajirin da ke da kantin gwal da motoci a ƙofar gida, sau da yawa shi ne wanda nama bai taɓa shiga bakinsa ba, kuma yana alfahari da haka. Amma kada ki ɗauka duk Indiyawa haka suke. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 39 cikin ɗari na manya ne suka ce ba sa cin nama, yayin da kashi 81 ke da wata iyaka da suke kiyayewa, ko dai wani irin nama ko wasu ranaku. Ina da abokin karatu da yake cin kaza sosai, amma ranar Talata ko ƙwai ba ya taɓawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne hukuma ta shigo cikin lamarin. Kusan duk abincin da aka ɗaure a leda ko kwali ko gwangwani, dole a buga masa alama. In babu nama, kifi, ƙwai ko abin da aka samo daga jikinsu a ciki, za ki ga ɗigo kore a tsakiyar ɗan murabba'i. In akwai, alamar mai ruwan ƙasa ce; da can ɗigo ne, yanzu an mai da shi alwatika, domin wanda idonsa ba ya rarrabe launi ya gane ta siffa. Hukumar FSSAI mai kula da ingancin abinci a Indiya ce ke sa ido a kai. Biskit, alewa, burodi, taliyar yara, duk da alamarsu. Har man goge baki za ki tarar da mai ɗigo kore. Mutanen nan “bej” da “nonbej” suke cewa, wato marar nama da mai nama, kuma ita ce tambayar farko a jirgin ƙasa, a ɗakin cin abinci na makaranta, a asibiti. A manhajojin kawo abinci irin su Zomato da Swiggy akwai ɗan maɓalli da in kika danna, duk abincin nama zai ɓace daga fuskar wayar. Ki tuna yadda muke sayen kayan gwangwani a Kasuwar Sabon Gari, mu yi ta juya shi muna neman ƙananan rubutun da ba mai iya karantawa.

Yanzu ga iyakar. Ba nama kowane iri, ba kaza, ba kifi, kuma ba ƙwai. Nan ne baƙo yake mamaki, domin a Turai yawancin masu barin nama suna cin ƙwai, a nan kuwa ƙwai na ɓangaren nama ne. Shi ya sa masu gashin kek suke rubuta “marar ƙwai” ɓaro-ɓaro a ƙofar shago. Romon ƙashi da kitse da jalatin, wato sinadarin da ake samu daga fata da ƙashi ana sa wa alewa mai danƙo, duk sun fita. Abin da ya shiga: hatsi, wake iri-iri, ganye, 'ya'yan itace, gyaɗa da riɗi, zuma, sannan madara da duk abin da aka yi da ita. Masu barin har madara da zuma, irin yadda wasu Turawa ke yi, 'yan kaɗan ne a nan, ko da yake su ma an yi musu tasu alamar.

Sai mabiya addinin Jain, waɗanda suke da yawa a garin nan kuma suna riƙe da kasuwanci. Nasu ya fi na kowa tsauri. Masu kiyayewa sosai a cikinsu ba sa cin abin da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa: albasa, tafarnuwa, dankalin turawa, karas, duk babu, saboda a ganinsu tuge shi yana kashe shukar gaba ɗaya tare da ƙananan halittun da ke jikinta. Ba sa shan zuma, wasu ba sa cin komai bayan faɗuwar rana. Na san za ki ce to miya ba albasa ai ba miya ba ce. Suna da wani ƙaro mai ƙarfin wari da suke kira hing, ɗan kaɗan ake barbaɗawa a cikin mai mai zafi ya ba da ƙamshin da ya yi kusa da na albasa, kuma a gurbin dankali suna sa ɗanyar ayaba. Gidajen abinci da yawa suna da jerin Jain daban, har masu sayar da fiza.

Kasuwar kayan miya kuwa, kamar kina gida. Kuɓewa tana nan ko'ina, sai dai su soya ta suke yi a bushe, ba sa son yauƙi. Gero da dawa suna nan, da su ake yin wata gurasa mai kauri, musamman lokacin sanyi. Tsamiya, kabewa, farin wake, gyaɗa, duk akwai. Zogale ma akwai, amma su dogayen 'ya'yansa suka fi dafawa, ganyen bai dame su kamar mu ba. Hulba da muke ajiyewa don magani, ganyenta suke kwaɓawa da gari su yi gurasar tafiya mai suna tefla. Akwai wani abu da ake turarawa da garin wake, dokla, ɗan uwan alala ne sai dai yana da tsami da ɗan zaƙi. Wake kuwa, ban taɓa sanin yana da iri haka ba. Ja, rawaya, baƙi, kore, ɓararre da wanda ba a ɓare ba, kowanne da miyar da ake yi da shi, kuma miyar waken nan da suke kira dal ita ce ke tsaye a gurbin nama kullum.

Madara ita ce inda suka bar mu nesa, kuma abin yana ci mini rai. Indiya ce ta fi kowace ƙasa samar da madara a duniya. Kamfanin Amul, wanda ƙungiyar haɗin gwiwar manoma ce da aka kafa a 1946 a garin Anand, ba nisa da nan, yana karɓar madara safe da yamma daga hannun ƙananan makiyaya, wasu saniya biyu ko ɓauna ɗaya kawai gare su, a auna, a duba yawan mai, a biya su. Da asuba ledar rabin lita tana shagon bakin layi da sanyinta, a kan wajen rupi 30. Daga nan ake samun kindirmo, tsala da ake sha da gishiri bayan abinci, man shanu, da cukun da suke kira fanir wanda ake yankawa a jefa a miya. Mu da muke da Fulani da garkunan shanu, amma shayinmu da madarar gari ta gwangwani daga waje ake haɗa shi.

Gidan abinci na gargajiya tire guda ake ajiye miki da ƙananan kwanoni, kuɗi ɗaya, masu zubawa suna zagayawa suna ƙarawa har sai kin rufe kwanon da hannu. Da dare dandalin Manek Chowk, wanda da rana kasuwar 'yan gwal ce, yana komawa wurin cin abinci, kuma ba ƙamshin tsire ko ɗaya. Ko McDonald's da ya shigo ƙasar a 1996 bai kawo naman sa ko na alade ba, sai ya ƙirƙiro burodi mai curin dankali a tsakiya.

Ba zan ɓoye miki inda abin bai yi mini ba. Mutanen Gujarat suna sa mazarƙwaila ko sukari a miya, har a miyar wake, kuma soye-soye sun yi yawa. Barin nama ba ya nufin abinci ya zama magani. Mai hawan jini ko ciwon sukari zai iya jawo wa kansa matsala da tiren nan ba tare da ya ci ko ɗigon kitse ba. Abu na biyu ya fi nauyi. Ana amfani da maganar nama wajen ware mutane. Akwai unguwanni da in kika je neman haya, dillali zai fara tambayar abin da kike dafawa, kuma kowa ya san Musulmi da mutanen da ake ɗauka 'yan ƙasan tsani ne tambayar ta fi shafa. A watan Nuwamban 2021 hukumomin birnin nan suka ce a kwashe masu tura baron ƙwai da nama daga manyan tituna, abin ya kai har kotu. Tun 2017 kuma dokar jihar ta tanadi hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin rai da rai a kan yanka saniya. Duk mai tahowa ya riƙe wannan da kyau, kuma kada ya cusa kilishi a jaka. Mai son nama sai ya nufi Bhatiyar Gali a tsohon gari, ko kuma unguwar Juhapura, inda Musulmi suke sayar da kaza da akuya. A can ma a tambaya, domin a Indiya akwai masu sare wuyan dabba da sara ɗaya, wanda ba yankan Musulunci ba ne.

Wannan ne ma dalilin da ya sa na bar naman a ranakun yau da kullum. Ɗigo kore ya ɗauke mini shakkar yanka da ta alade, ga shi jihar ta hana sayar da giya, ga araha. Ban haramta wa kaina abin da Allah ya halatta ba, ki faɗa wa Inna ta kwantar da hankalinta. Da Babbar Sallah ina cin naman layya tare da 'yan uwa a nan, akuya suka fi yankawa.

Ke kuma a gida, wahalarki ba rashin abin ci ba ce. Ɗanwake, ƙosai, alala, garau-garau, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, faten tsaki da rama, dambu, miyar taushe da gyaɗa, awara, fura da nono, duk waɗannan da za a kawo su nan ɗigo kore za a buga musu. Inda za ki sha fama shi ne abin da ke ɓoye a cikin miya: romon da aka kaɗa kuka da shi, garin busasshen kifi, ɗanɗano mai ɗanɗanon kaza, ga kuma gidan biki da ba wanda zai ware miki tukunya. Tunda likita jan nama kawai ya ce ki rage, ba sai kin bi tsarin mutanen nan ba, kifi da ƙwai da kaza suna nan. In kuwa wata rana kin ga za ki bar duka, ki riƙe nono da kindirmo, ki kuma tambaye shi maganar bitamin B12, domin daga abincin dabba ake samunsa kuma ƙarancinsa sananne ne a tsakanin marasa cin nama a ƙasar nan.

Daddawa da kuka ne ban samu ko mai kama da su ba, manja ma sai an sha nema. In kin ji wani ɗalibi zai taho bayan hutu, ki ɗaure mini daddawar a leda biyu ko uku saboda wari, ki haɗa da yajin ƙuli na wajen Inna. A gaida kowa da kowa.