Quaker Oats da rage kolestarol: abin da na gani cikin wata uku

Na fara sayen Quaker Oats ne bayan gwajin jini ya nuna cewa kolestarol ɗina na LDL, wato mugun kitsen da ke taruwa a bangon jijiyoyi har ya kai ga toshe su, ya haura yadda ake so. Likitar da ta duba ni ta ba ni wata uku in gyara cimata kafin a yanke shawarar soma magani, kuma hatsin ot na cikin abubuwan da ta lissafa mini.

Gwangwanin da na saba saye mai nauyin giram 500 ne. Hatsin fari ne, tsaf, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi, kuma yana dahuwa cikin 'yan mintuna, amma shi kaɗai salam yake a baki, don haka wanda ya saba da tsamin koko ko garɗin kunun gyaɗa sai ya yi haƙuri da shi a kwanakin farko. Abin da ya ba shi daraja shi ne yauƙin nan da yake yi idan ya dahu, mai kama da na kuɓewa. Yauƙin yana fitowa ne daga wani sinadari da ake kira beta-gulukan, wanda ke riƙe ruwan matsarmama a cikin hanji ya fitar da shi tare da bayan gida. Da yake da kolestarol hanta ke haɗa wannan ruwa, dole ta janyo LDL daga cikin jini domin ta cike gurbin abin da ya fita. Tun a shekarar 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta a jikin kayan ot cewa suna iya taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya.

Sai dai akwai sharaɗin da yawancin masu saye ba su lura da shi ba, kuma a nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. Ana buƙatar giram 3 na beta-gulukan a kowace rana, wanda ke nufin kimanin giram 75 na busasshen hatsin, kusan cikin kofi guda. Cokali biyu da ake damawa a ruwan zafi da safe ba za su kai ko'ina ba. Idan aka bi wannan awo, gwangwani ɗaya ba ya cika mako, kuma ga magidanci mai iyali wannan kashe kuɗi ne da ya kamata ya lissafa tun kafin ya fara.

Kuskuren da na yi a makonnin farko nawa ne, ba na hatsin ba. Ina zuba masa madara mai kauri da sukari, sannan in haɗa da burodi mai bota, wato ina rushewa da hagu abin da na gina da dama. Kitse mai daskarewa, irin na man shanu da kitsen nama da manja, waɗanda duk mun san yadda suke sandarewa lokacin hunturu, shi ne kan gaba a cikin abincin da ke ɗaga LDL. Da na gane haka sai na koma dafa shi da ruwa, in yanka ayaba ko dabino biyu a kai, in barbaɗa gyaɗa. Daga baya uwargida ta niƙa shi ta tuƙa tuwo, kuma a ganina wannan ce hanya mafi sauƙi ta cinye awon da ake buƙata, musamman da miyar kuɓewa wadda ba a cika mata mai ba. Ciki yakan ɗan kumbura da iska a farko, amma yana lafawa idan ana shan ruwa sosai.

Ragin da ake samu daga hatsin ot bai wuce kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na LDL ba, alhali magungunan da ake kira sitatin kan rage kashi 30 zuwa 50. Saboda haka ban ga dalilin da zai sa wanda aka riga aka ɗora a kan magani ya ajiye shi domin wannan gwangwani ba, balle mai kolestarol na gado, matsalar da ke shafar kusan mutum 1 cikin 250 kuma abinci kaɗai ba ya shawo kanta.

Da wata ukun suka cika na maimaita gwajin, LDL ɗin ya sauka, ko da yake ba zan jingina sauƙin ga hatsin shi kaɗai ba, tunda na rage soye-soye, na ƙara cin wake, kuma ina tattaki bayan sallar asuba. Likitar ta ɗage maganar magani zuwa gwaji na gaba, ni kuma na ci gaba da saye, sai dai yanzu ina musanya shi da wake da miyar kuɓewa a ranakun da aljihu ya yi sanyi.